An haifa min 'ya da cindo, wai alamar komawa dabbobin farko ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, an haifa min 'ya mace da yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsanta, hannu biyun duka. Na karanta a intanet cewa dabbobin farko masu ƙafa huɗu sun fi yatsu biyar, shine nake tsoron ko wani abu ne ya lalace a halittarta. Kuma gwaggona tace wanzami zai ɗaure shi da zare ranar suna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya mana ita. Ka kwantar da hankalinka. Abinda ka karanta gaskiya ne, ɗaya daga cikinsu mai suna Acanthostega, wanda masaniyar kimiyya Jenny Clack ta tono ƙasusuwansa a tsibirin Girinlan (Greenland) a 1987, yatsu takwas gare shi a ƙafar gaba, wani kuma mai suna Ichthyostega bakwai a ƙafar baya, wajen shekara miliyan 365 kenan da suka rayu. Daga baya tsarin ya tsaya akan biyar, kuma tun daga nan yawanci ragewa ake yi, saniya na takawa akan biyu, doki akan ɗaya tal. Ko panda, dabbar nan ta ƙasar Sin da ake cewa yana da shida, ƙashin wuyan hannu ne ya yi tsawo. To amma cindo ba dawowar wancan bane, maimaici ne aka samu lokacin da hannu ke tsaguwa zuwa yatsu tsakanin sati na 6 da na 8 na ciki, inda wasu sinadaran jiki da ake kira Shh da GLI3 suke tsara yawan yatsun. Tun 1968 masana kimiyya Saunders da Gasseling suka nuna irin wannan maimaici, suka ɗauki tsoka daga gefen baya na fiffiken ɗan tsako a cikin ƙwai suka dasa a gefen gaba, yatsun fiffiken suka ninku. Irin na 'yarka yafi yawa a baƙar fata kusan sau goma akan Turawa, kuma yana bin jini, ka bincika dangi zaka samu mai shi.

Maganar zaren nan ce ta dame ni wallahi. Kullum sai an kawo mana yara da aka ɗaure, wai ai fata ce kawai zata bushe ta faɗi. Ba fata kawai bace! Ko wanda yake reto kamar ɗan wake akwai jijiyar jini da jijiyar ji a cikin siririn wuyan nan nasa, wani ma da ƙashi da gaɓa, kuma da ido ba zaka tantance ba sai an duba, wani lokacin sai anyi hoto. Idan aka ɗaure yatsan zai kumbura yayi baƙi yana ruɓewa a jikin jaririyar da bata yi sati biyu a duniya ba, tana kuka ana cewa rigima ce, ga zaren ba'a dafa ba, askar ma an yiwa wasu aski da ita, ta nan tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, ke shiga kuma tetanus ɗin jarirai kisa yake. Waɗanda suka tsira sau da yawa sai a bar musu ɗan kututture da jijiya ta dunƙule a ciki, yaro ya girma duk abinda ya taɓa wurin sai yaji kamar lantarki, a ƙarshe dai tiyatar da aka guda sai anyi ta. Abin haushin kuma har yanzu akwai masu ɗorawa uwar laifi, wai ta tsallake wani abu ko ta fita da almuru, alhali yatsun sun gama fitowa wataƙila tun kafin ta tabbatar tana da cikin.

Ka lallashi gwaggo da girmamawa, kace mata likita yace a dakata. Ku kaita wajen likitan yara ya duba zuciya da ido da sauran jiki, domin a wasu 'yan ƙalilan cindo yana zuwa tare da wata matsalar. In komai lafiya, cirewar ƙaramin aiki ne da allurar kashe zafi, in akwai ƙashi kuma yawanci ana jira ta kai wajen shekara ɗaya.