Ɗana mai galahanga ya ƙwace a kasuwar Kirsimeti, in daina fita da shi har sanyi ya wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A Landan muke zaune. Ɗana shekararsa shida, an tabbatar mana yana da lalurar galahanga (autism). Makon jiya da yamma muka kai shi wata kasuwar Kirsimeti, ko minti ashirin ba mu yi ba ya toshe kunnuwansa, ya zube ƙasa yana ihu, can ya fizge hannunsa ya nufi titi. Allah ne kawai ya kiyaye. Uwar mijina ta ce a waya shagwaɓa ce, mu riƙa shiga jama'a da shi kullum har ya saba. Ni kuwa tsoro ya hana ni fita, ga hutu ya zo, ƙannensa biyu sun gaji da zaman gida. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da wannan firgici, Allah ya ƙara tsarewa. Kada ki daina fita, lokaci da wuri za ki sauya.

A Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu, don haka fitarku ta koma safiya. Gidan tarihi na Natural History Museum da ke South Kensington yana da shirin Dawnosaurs, inda ake buɗe wa yara irin naki ƙofa ƙarfe takwas, awa biyu kafin jama'a su shigo. Kyauta ne, sai dai ba kowane mako ake yi ba, kuma gurbi na ƙarewa da wuri. Science Museum da ke maƙwabtaka da shi yana da nasa, Early Birds. Silimomin Odeon, Vue da Cineworld na ware lokutan da ake rage ƙara, a bar fitila da ɗan haske, yaro ya tashi ya zaga ba mai harara. Idan yana karɓar DLA, tallafin gwamnati na yara masu buƙata ta musamman, ki nemi katin silima na CEA, mai rakiyarsa ya shiga kyauta. Ki rataya masa igiyar wuyan nan koriya mai furanni ta Sunflower, wadda aka fara a filin jirgin Gatwick a 2016. Ma'aikata da yawa sun san ma'anarta, wato mai sanye da ita yana da lalurar da ba a gani da ido. Abin toshe kunne ya zauna a jaka. Hula da safar hannu kuma a gwada su a gida tukuna, domin sau da yawa ƙaiƙayin ulu ne ke fara rikicin tun ba a bar ƙofa ba.

Sai maganar Hajiya, uwar mijinki, wadda kusan kullum nake jin irinta. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma “ku yi ta kai shi har ya saba” shawara ce da za ta iya jawo asarar rai.

Yaro mai shagwaɓa wani abu yake nema. Yana kuka yana satar kallonki, kina miƙa masa alawar ya yi tsit. Naki me ya nema a kasuwar nan? Hanyar fita. Kiɗa, walƙiyar fitilu, ƙaurin suya, gogayyar kafaɗu, duk sun shigo masa lokaci guda, ƙwaƙwalwarsa ba ta tace su yadda taki ke yi. Idan ya kai wannan gejin ba ya jin rarrashi, balle tsawa. Maimaita masa wannan ba ya koya masa haƙuri, abin da yake koya shi ne da zarar an ɗauko rigar sanyi azaba ta zo, sai faɗan ya dawo tun daga sa takalmi. Wani kuma ya yi shiru, idanu a kafe, iyaye su ce ai ga shi ya saba. Bai saba ba, ya rufe kansa ne, kuma da dare za ku gani a barcinsa da cin abincinsa.

Gudun da ya yi shi ya fi tayar mini da hankali. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2012 ya gano kashi 49 cikin ɗari na yara masu galahanga sun taɓa yunƙurin ƙwacewa bayan sun wuce shekara huɗu. Da yawansu ruwa na jan hankalinsu. Ki haɗa wannan da duhun ƙarfe huɗu da tafkin da ƙanƙara ta rufe: a Disambar 2022 yara huɗu suka rasu a garin Solihull na Ingila bayan ƙanƙarar tafki ta fashe da su. To a irin wannan yanayi ne za a gwada “sabo” a kan ɗan shekara shida?

Kuma ina roƙonki, duk wadda ta ce a zauren WhatsApp ki ɗura masa maganin mura mai sa barci kafin fita, ki share ta. Wasu yaran ƙara birkicewa suke yi da shi. Haka masu cewa iska ce, a turara masa hayaƙi a rufe ɗaki. Yaron da ƙamshin turare ke sa shi gudu za ki kulle da hayaƙi? Addu'a kam a yi ta, ba ta hana sa abin toshe kunne.

Sabo na gaskiya akwai shi, amma a hankali ake gina shi, da yardar yaro. Ki nuna masa hoton wurin tun ana gobe za ku je. Ku shiga ku biyu manya, ɗaya nasa ne shi kaɗai. Ranar farko minti goma sha biyar ya isa, ku fito tun yana cikin fara'a, ko da ƙannen ba su gama ba. Babansu ya tsaya da su. Hajiya kuma ki bar wa ɗanta ya yi mata bayani, daga bakinsa za ta fi ji.