Mai kwana da jariri: wa zan ɗauka?

Barka da sauka lafiya, 'yar'uwa. Tunda tiyata aka yi miki kuma Hajiya tana nesa, fara cigiya wurin ma'aikatan jinya na asibitin da kika yi awo, sukan san ungozoma ko nas mai ritaya. Ni dai ba na son ƙaramar yarinya, barci ke sace ta.

Kafin wadda za ki ɗauka ta fara kwana, ta wuni biyu a gabanki. Duba ko tana wanke hannu, tana tallafe wuyansa, tana kwantar da shi rigingine. Jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, don haka ta riƙa tashinki, kada ta ɗura masa ruwa ko jiƙo. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a daren.

Ku yanke kuɗi tun farko.