Kun Tambaya: Baturen da ya auna gine-ginen ƙasa na Arewa

Tambaya: Na ga kwafin masallacin Juma'a na Zariya a gidan tarihi na Jos, aka ce aikin wani Bature ne. Wane ne shi, kuma shi ya gina na asalin? (Ɗaliba daga Funtuwa)

Amsa: Sunansa Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Poland, masanin zanen gini da tarihin gine-gine. Ya zo Najeriya a 1958, ya yi aiki da hukumar kula da kayan tarihi, yana zagaya ƙasar da mataimakansa 'yan Najeriya suna auna fadoji da masallatai da zaurukan talakawa. Daga baya ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, sai a 1990 aka buga aikinsa cikin juzu'i uku, na farko a kan Arewa.

Na asalin kuwa ba shi ya gina ba. Aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Abin da Dmochowski ya yi shi ne ya ɗauki ginin ƙasa da muhimmancin da ake ɗaukar ginin dutse, ya sa shi a takarda da awo. A ganinmu wannan babban aiki ne, domin a shekarun 1970 an lulluɓe tsohon masallacin da sabon ginin kankare, wasu sassa suka tafi.

Tambaya: Yaya ake auna ginin da ba shi da kusurwa madaidaiciya ko ɗaya? (Magini daga Katsina)

Amsa: Malam, a nan gizo ke saƙa. Da farko a fitar da layi guda mai daidaito a jikin bango, kamar mita ɗaya daga ƙasa, da tiyo mai ruwa a ciki, saboda daɓen tsohon ɗaki ba abin dogaro ba ne. Duk wani tsayi daga wannan layi za a ƙirga shi, sama ko ƙasa. Sannan a auna kowane bango, a kuma ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, duka biyun. Wanda ya tsallake wannan zai zana ɗaki mai kusurwa huɗu cif, alhali maginin bai taɓa gina haka ba.

Kaurin bango a ɗauke shi wuri uku: gindi, tsakiya da kai. Bangon tubali yana da faɗi a ƙasa, yana sirancewa yana hawa, awo ɗaya ƙarya zai ba ka.

Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin ƙasa da ke tallafe rufin soro, ya fi cin lokaci. Ana ja igiya a ƙarƙashinsa, a ɗauki tsayi duk bayan rabin mita, sannan a haɗa ɗigon. Amma siffar waje ba ta isa ba, dole a zauna da magina. Su za su gaya maka cewa a cikin ƙasar nan azara ce ta giginya, an kafa ta hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan leƙo gaba, an ɗaure da igiya, an bar shi ya bushe kafin a ɗora na gaba. Azara ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin soro idan tazarar ta wuce kusan mita biyu, shi ya sa babban zaure ke buƙatar baka ko ɗaurin guga, wato rufin da bakuna ke gittawa su haɗu a tsakiya.

Tambaya: Zauren kakanmu yana zubewa. Mu shafe shi da siminti? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Kada ku yi. Siminti yana riƙe damshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana shafen ya ɓallo da rabin bangon. Ku fara da indararo: idan ya toshe ko ya gajarta, ruwa na bin jikin bango ya ci gindinsa. Ku gyara shi, ku cike gindin da birji, ku karkatar da ruwa nesa da ginin. Jiki a yi masa yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufin kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da tsiron dafara. Ku duba bakin azara inda ta shiga bango, nan take fara ruɓewa. Duk wannan a gama shi da rani, kafin ruwan farko ya sauka.