Hukuncin Kiwon Hawainiya a Gida da Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Ita

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina zaune a gidan iyayena. Ranar Juma'ar da ta wuce ina dawowa daga masallaci na tarar da yara sun ɗauro hawainiya a sanda suna jifanta, sai na ba su ɗan canjin da ke aljihuna na karɓe ta. Yanzu tana ɗakina cikin kwali. Na ajiye mata ruwa a murfin galan, da ɗan tuwo da ganyen latas, amma yau kwana huɗu ba ta taɓa komai ba, kuma ta yi baƙi ƙirin. Hajiyarmu ta ce in fitar mata da ita daga gida, wai tana jawo tsiya. Abokina kuma ya ce ai 'yar'uwar tsaka ce, kashe ta ma lada ne. Shin ya halatta in riƙe ta? Kuɗin da na bayar fa? Idan ta hau mini riga zan iya yin salla da rigar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya saka maka da alheri kan cetonta daga hannun yaran nan. Ya tabbata a Buhari da Muslim, cikin labarin mutumin da ya shayar da kare, cewa Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai.

Bari mu fara da maganar abokinka, don kada a kwana da ita. Umarnin kashe tsaka gaskiya ne: Buhari ya ruwaito daga Ummu Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci a kashe ta, kuma Muslim ya kawo ladan da ke cikin haka. Amma sunan da ya zo a hadisan shi ne wazag. Hawainiya kuwa Larabawa sun san ta sarai, suna kiranta hirba'u, sun cika waƙoƙinsu da siffanta yadda take fuskantar rana a tsakiyar zafi. Da ita ake nufi da an ambace ta. Kama ta jiki ba ta isa a yi ƙiyasi a zubar da rai ba, in ba haka ba da damo ma ya shiga, alhali an ci shi a gaban Annabi (SAW) bai hana ba. Hawainiya ba ta da dafi, ba ta shiga gida ta yi ɓarna, iyakarta ta buɗe baki ta yi huci idan an takura mata.

Riƙe ta a gida kuma asalinsa halal ne. Hujjar malamai a nan ita ce hadisin Anas ɗan Malik game da ƙaninsa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, har Annabi (SAW) yakan tsokane shi da cewa, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Ibnu Hajar ya kawo cikin fa'idodin wannan hadisi halaccin ajiye tsuntsu a keji, da halaccin kashe kuɗi kan abin wasa na halal. Sai dai halaccin yana da sharaɗi mai nauyi, kuma shi ne zuciyar tambayarka. Ibnu Umar ya ruwaito, a Buhari da Muslim, cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Ka lura da hanyoyi biyun da hadisin ya bari. Ko ka ciyar, ko ka saki. Babu ta uku.

To, mene ne ciyarwa? Ba ajiye abinci a gaban dabba ba ne, a'a, ba ta abin da irinta ke ci, ta hanyar da irinta ke ci. Wanda ya zuba wa doki nama ya ce ya sauke nauyi, ai kowa ya san bai sauke ba. Tuwonka da latas ɗinka haka suke a wurin hawainiya. Ita mafarauciya ce, abin da ke motsi take ci: fara, gyare, ƙuda, shinge idan ruwa ya sauka. Za ka ga ta tsaya cak a kan reshe, ido ɗaya na duban gabas ɗaya na duban yamma, sai ta haɗa su biyun a kan farar, ta harbo harshen da ya fi jikinta tsawo, kafin ka ƙifta ido ta haɗiye. Ba laifi ba ne a shari'a ka kamo mata ƙwarin da ransu, tun da abincinta ke nan da Allah ya hukunta mata, sai dai kada ka mayar da azabtar da su abin wasa. Ka guji farar gonar da aka yi wa feshi, da kyankyason da ya sha fiya-fiya, don guba ce za ka ba ta da hannunka. Kada girman ƙwaron ya wuce faɗin kanta.

Ruwan ma da ka ajiye a murfi, da wuya ta gane ruwa ne. Hawainiya raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a jikin ganye. Na tuna muna yara, da damina, idan muka yi sammakon gona mukan gan ta a kan rama tana lasar raɓa ɗigo bayan ɗigo, a hankali, kamar mai jan carbi. Ban taɓa ganin ta a bakin tafki ba. Saboda haka sai ka yayyafa ruwa a ganyen da take kai safe da yamma, ko ka huda gorar ruwa da allura ka rataye ta sama tana ɗiga a kan ganye. Lokacin hunturu, da iska ke busar da komai, sai ka ƙara. Idan ka ga idanunta sun zurma, ƙishirwa ce ta ci ta.

Kwalin nan kuwa ka fitar da ita daga cikinsa yau, kada ka jira gobe. Dabbar bishiya ce. Tana bukatar keji mai tsawo sama, mita ɗaya ko fiye, wanda aka kewaye da ragar waya irin ta taga don iska ta ratsa, da rassa a gicciye, da shuka mai ganye da za ta ɓuya a ciki. Tana bukatar hantsi ya taɓa jikinta kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, domin da shi jikinta ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Idan ta rasa shi ƙafafunta su lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi, ta kasa kama reshe. Amma rabin kejin ya kasance a inuwa, don ranar Maris da Afrilu a ƙasarmu za ta iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Ba a haɗa biyu a keji ɗaya. Idan mace ce tana iya zuwa da ƙwai a ciki, sai ka sa mata bokitin yashi mai danshi da za ta haƙa ta saka, in ba haka ba ƙwan ya maƙale mata. Baƙin da ka ce ta yi, mutane na zaton rikiɗar hawainiya duk sajewa ce da wuri, alhali yawancinta tsoro ne, ko fushi, ko sanyi. Taka tana cikin wahala ne. Ka daina ɗaukarta a hannu kana nuna wa abokai. Idan kuma tana rufe ido da rana tsaka, wannan ya wuce ni da kai, sai likitan dabbobi.

Kuɗin da ka bayar ba komai a kanka, tun da ceto ka nufa. Game da cinikinta don ado, malamai sun shardanta abin sayarwa ya zama mai amfani, kamar yadda Halil ya ambata a Muhtasar ɗinsa, kuma da yawansu sun hana cinikin ƙananan halittu masu jan ciki bisa cewa ba su da amfani. Wasu kuma, irin Shafi'awa, sun halatta sayen ɗawisu don kallon launinsa, wanda ke nuna jin daɗin kallo amfani ne da shari'a ke lura da shi. Ni na fi karkata ga halacci idan kuɗin bai kai almubazzaranci ba. Abin da nake tsoro shi ne yaran su gane akwai kasuwa, gobe su shiga daji su kamo goma.

Rigarka kuma tana nan da tsarkinta. A mazhabar Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har yawunsa da guminsa. Idan ta yi kashi a tufafi ko darduma, ka wanke kafin salla don fita daga saɓani. Ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta ko kejinta, domin dangin ƙadangare kan ɗauki ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara.

Saura maganar Hajiya. Cewa hawainiya na jawo tsiya camfi ne, Annabi (SAW) kuma ya kore camfi a hadisi ingantacce. Don bokaye na nemanta a haɗa surkulle, laifin nasu ne, ba nata ba. Ka bayyana wa Hajiya haka cikin ladabi, ka zaɓi lokacin da ranta ke sanyi. Amma ko da ba ta gamsu ba, gidanta ne, kuma kiwon hawainiya mubahi ne kawai, biyayya gare ta kuwa wajibi. Ba a ɓata ran uwa saboda mubahi.

Idan ka tambaye ni abin da ya fi, to ka sake ta. Wannan ba irin wadda ake ƙyanƙyashewa a keji a Turai da Amurka ba ce, kamar mai hular nan ta Yaman ko masu launin nan na Madagaska. A daji aka kamo ta da girmanta, kuma irinsu ba su cika jure tsarewa ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Ka yayyafa mata ruwa ta sha, ka kai ta wurin da ke da bishiyoyi da ciyawa, nesa da titi da idon yara, ka ɗora ta a kan reshe da safe. Idan kuwa Hajiya ta yarda, kai ma ka ga za ka iya kamun fara da yayyafin safe da yamma, har ranakun jarrabawa da ranakun da ka yi tafiya, to riƙe ta ya halatta gare ka.

Wallahu a'alam.