Ta Kuɓuta Daga Daji, Yanzu Ta Ajiye Magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata tana aure a Gwoza lokacin da 'yan Boko Haram suka ci garin a 2014. An kashe mijinta, ita kuma aka tsare ta a daji da sunan aure. Da ta kuɓuta muka dawo da ita Kano, gwaji ya nuna tana ɗauke da cutar HIV. Har yau ba ta samun barci, ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Kwanan nan ta ajiye maganinta, wai Allah ne yake hukunta ta. Gwaggonmu ta ce iska ce, ruƙiyya kaɗai za a yi. Tana da zunubi? Me ya wajaba a kanmu? Daga wata baiwar Allah, Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri.

Ba ta da zunubi ko na ƙwayar zarra. A Suratun Nur, aya ta 33, Allah ya yi alƙawarin gafara da jinƙai ga matan da aka tilasta. Ibn Majah kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. Ku karanta mata wannan, ku maimaita, don wanda aka zalunta yakan ɗora wa kansa laifin azzalumi.

Zaburar nan da rashin barci ciwo ne sananne ga wanda ya ga tashin hankali, ba raunin imani ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wato kunun garin sha'ir, a gidan makoki, tana cewa Manzon Allah (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar majinyaci. Ashe Sunna ta san zuciya tana ciwo.

Ga inda hatsarin yake. Maganin HIV kullum ake shansa. Wanda damuwa ta danne, ya ɗebe tsammani da rayuwa, shi ne mai fara tsallake kwana. In aka daina, ƙwayar cutar sai ta sake yawaita a jini, garkuwar jiki ta faɗi, har maganin ya iya daina yi mata aiki. Don haka neman maganin zuciyarta wajibi ne a kanku, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ita kuwa ba na ce ta yi saɓo ba, tunda ciwo ne ya rinjaye ta.

Gwaggo ta yi haƙuri. Ruƙiyya da Alƙur'ani halal ce, a yi. Amma duk mai ruƙiyyar da ya ce a zubar da ƙwaya, ko ya ɗauki bulala, ku fito da 'yarku. Wadda aka daka a daji ba a sake dukanta da sunan aljani.

Ki raka ta da kanki inda take karɓar magani, ki faɗa wa likita komai, har mafarkan, don wasu magungunan ma suna ƙara su kuma ana iya sauyawa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Sirrinta amana ne, ba na matan unguwa ba. Kada a ware mata kwano ko buta, cutar ba ta bin nan. In kuma ta fara zancen mutuwa, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.