Ƙanena mai shirin zuwa Azhar, ga inda za ka ci abinci

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, ina fatan su Baba da Inna suna lafiya. Ka ce bayan Sallah za ka taso zuwa Alƙahira neman gurbin karatu a Azhar, za ka sauka a wani ƙaramin masauki kusa da Masallacin Husaini na mako biyu ko uku kafin ka sami ɗaki, kuma guzurin da aka haɗa maka ƙidayayye ne. Kana tambayar inda mutum zai ci abinci mai tsafta a wannan yanki, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Ka kuma ce an faɗa maka Misirawa ba su da abinci sai burodi, abin ya ɗaga maka hankali.

Kwantar da hankalinka. Abinci mai araha yana nan birjik a unguwar da za ka sauka. Matsalar ita ce mai tsadar shi ne a gaban idonka, mai arahar kuma yana bayan gini, sai wanda ya taka ya je.

Titin Azhar ya raba yankin gida biyu. A ɓangare guda akwai Masallacin Husaini da dandalinsa da kasuwar Khan al-Khalili. Nan ne motocin 'yan yawon buɗe ido suke sauke mutane dare da rana, nan ne kuma za ka ga samari tsaye a ƙofar gidajen abinci riƙe da takardar farashi suna kiranka da Turanci. A ɗaya ɓangaren akwai Masallacin Azhar kansa, wanda Faɗimiyawa suka gina aka fara salla a cikinsa a shekarar 972. Bayansa lunguna ne na masu sayar da littattafai, irin su Darb al-Atrak, sai hanyar Ghuriyya da ke gangarawa Bab Zuwaila, sai Darrasa ta gabas inda tsofaffin kwalejojin jami'ar suke. Wannan ɓangare na biyu shi ne naka. Kada ka zauna cin abinci a dandalin Husaini sai ranar da ka yi niyyar kashe kuɗi don nishaɗi.

A makona na farko na yi wannan kuskure. Na shiga wani gidan abinci a bakin dandali, na duba farashin kaza da shinkafa na ga zan iya. Kafin abincin ya zo aka jera mini ƙananan faranti na salak da tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, da kayan tsami da robar ruwa, na ɗauka kyautar gida ce. Da takardar biya ta zo, kowane faranti da kuɗinsa, ga kuɗin hidima kashi 12 cikin 100, ga haraji kashi 14. Abin da na biya a wannan zama ɗaya ya isa ya ciyar da ni kwana biyu a bayan masallaci. Ba sata suka yi mini ba, haka tsarin gidajen abinci masu tebur da ma'aikata yake a garin nan. Shi ya sa duk inda ka zauna, kafin a ajiye komai ka tambaya "bikam?", wato nawa ne. Abin da ba ka nema ba ka ce a ɗauke. Ba rashin kunya ba ne, su ma 'yan gari haka suke yi.

Yanzu ga abin da za ka ci. Da safe, daga bayan asuba har zuwa hantsi, za ka ga kekunan masu ful a bakin lunguna, mutane sun kewaye su suna ci a tsaye. Ful wake ne mai faɗi, ya fi namu girma, a kan bar shi a wuta tsawon dare cikin wata babbar tukunya mai ƙaramin baki har ya yi luguf. Mai shi zai zuba maka a ƙaramin kwano, ya sa mai da gishiri da lemon tsami, ya ba ka gurasarsu da albasa. Gurasar nan, wadda suke kira aish baladi, ita ce "burodin" da aka tsorata ka da shi. Ta fi kama da gurasar Kano a kan burodin shagon mai shayi, kuma tana riƙe ciki. Abokin ful shi ne ta'amiyya. In ka gan ta za ka ce ƙosai ne, kuma kusan shi ne: wake aka niƙa aka soya a mai, sai dai ana haɗa shi da ganyayyaki, shi ya sa cikinta kore ne, a kan kuma barbaɗa riɗi a kai. Gurasa biyu, ɗaya da ful ɗaya da ta'amiyya, sun isa su kai ka azahar, kuma babu karin kumallon da ya fi wannan araha a duk Masar.

Akwai wani gargaɗi da ba na so in tsallake. Wasu mutane suna da wata larura ta gado a jini da likitoci ke kira G6PD, wadda ke sa irin wannan wake ya farfasa musu ƙwayoyin jini. Misirawa sun san ta sosai, suna ce mata "anemiyar ful", kuma ana samunta a cikin mutanenmu. In an taɓa faɗa maka kana da ita, ka ga likita kafin ka taso. In kuma ka ci ka ga idonka ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, ka daina, ka tafi asibiti nan take.

Da rana kuma kushari. Shinkafa ce da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir a kai, a watsa soyayyar albasa. A kan tebur akwai kwalabe biyu: ɗaya dakka, ruwan tafarnuwa da tsami, ɗaya shatta, ruwan barkono. Wanda ya tashi da garau-garau ba zai yi baƙunta da kushari ba. Gidajen kushari da yawa ba sa sayar da komai sai shi da ɗan kayan zaƙi, farashi a rubuce yake a bango, ƙarami da matsakaici da babba, ka biya a wurin mai karɓar kuɗi ya ba ka takarda. Ba ciniki, ba kuɗin baƙo daban. In ka cinye ba ka ƙoshi ba, ka ce "kimala", za a kawo maka ƙaramin ƙari a kan kuɗi kaɗan, ba sai ka sayi wani faranti ba. Za ka ji ana yawan ambaton gidan kushari na Abu Tarek a tsakiyar gari. Ka je wata rana ka gani, amma na unguwa ya ishe ka na yau da kullum.

Wannan rubutaccen farashi shi ne alamar farko da nake dubawa a kowane shago: allo da Larabci, manne a bango, inda kowa ke gani. Don haka ka haddace lambobin Larabci da sunayen abinci tun kana gida. Alama ta biyu su wa ke ci a wurin. In ka ga ɗalibai masu jubba da jar hula mai farin rawani, da masu gyaran takalmi, da direbobin ƙananan bas, suna layi, shiga. Wurin da ake layi abinci ba ya kwana, man suya ba ya daɗewa a kasko, kuma mai shagon ba zai yi wasa da mutanen da gobe ma su ne za su dawo ba. In ka ga wuri fes amma wayam a lokacin da ya kamata a ce ya cika, wuce.

Ban rubuta maka farashin komai ba, da gangan ne. Fam ɗin Masar, wanda su suke ce wa gine, ya sha faɗuwa. A watan Maris na 2024 dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 a rana ɗaya, kayan abinci kuma suka bi ta. Duk lambar da wani tsohon ɗalibi ya ba ka daga zamaninsa, kada ka gina lissafinka a kanta. Abin da bai canja ba shi ne jerin: ful da ta'amiyya a ƙasa, kushari a sama da su kaɗan, sai gurasar hanta da hawawshi, wato gurasa mai niƙaƙƙen nama a ciki da aka gasa, sai rubu'in kaza da shinkafa, sai can sama gasasshen nama. Shi naman ma da awo ake sayar da shi, rubu'in kilo ko rabi, saboda haka ka faɗi awon da kake so da bakinka. Hanta kuwa, in ka ga arharta ta wuce hankali a kan keken bakin titi, bar ta. A nan ne cikin baƙi ya fi lalacewa, sai kuma ɗanyen salak a kwanakin farko.

Lokutan cin abincinsu ma sun bambanta da namu. Babban abincin rana sai wajen la'asar. Ƙananan shagunan dafaffen abinci irin na gida, masu shinkafa da miya, a lokacin ne tukwanensu ke sauka. Ka neme su, domin a nan za ka tarar da abin da ba ka zata ba: mulukhiyya, wadda ba komai ba ce illa miyar lalo, da bamiya, wato kuɓewa, sai dai su da tumatir suke dafa ta, ba ta yauƙi kamar tamu. A shagunan abin sha za ka sami karkade, zoɓonmu ne sak, da ruwan tsamiya, da ruwan goruba da suke kira dom, da ruwan rake da ake matse shi a gabanka. Ranar da na fara shan ruwan goruba mai sanyi a garin nan sai da na tuna ƙuruciya. Barkono ne kawai ba su cika sawa ba, don haka ka ce Inna ta daka maka yaji mai yawa.

Ba lallai ne ka daɗe a Husaini ba. Mafi yawan kwalejojin Azhar suna Madinat Nasr, wani yanki a gabashin Alƙahira, kuma ɗaliban ƙasashen waje da ba su sami wuri a Madinatul Bu'us ba, wato masaukin ɗaliban Azhar baƙi da ke Abbasiyya inda ake ba da abinci, galibi a unguwannin Madinat Nasr irin su Hayyul Ashir da Hayyus Sabi' da kewayensu suke kama haya. Can duniya ce guda: 'yan Indunisiya, 'yan Malesiya, Somaliyawa, Sudaniyawa, da mu. Duk ranar da kewar tuwo ta taso maka, nemi gidan abincin Sudaniyawa, sun ma ƙara yawa tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023. Ka ce a ba ka asida da mulah. Asida tuwo ne, mulah kuma miya ce da ake kaɗawa da garin busasshiyar kuɓewa. Suna kuma da agashe, nama mai ƙuli-ƙuli da yaji, wanda Hausawan Sudan suka kai can, sunan ma da ka ji ka san namu ne. Kuɗinsu ya ɗara na kushari, amma sau ɗaya a mako ba zai karya ka ba. Akwai kuma 'yan'uwanmu mata da ke dafa abincin gida suna sayarwa daga gidajensu. Ba su da allo a ƙofa, sai ta bakin ɗalibai ake saninsu, in ka zo za a haɗa ka da su.

In wata hidima ta kai ka Giza, wajen Jami'ar Alƙahira, unguwar Bainas Sarayat da ke daura da ita cike take da shagunan buga takardu da na abincin ɗalibai, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha a jami'ar. Haka ma kewayen Jami'ar Ain Shams a Abbasiyya.

Da azumi lamarin ya sauya gaba ɗaya. Ana shimfiɗa tebura a tituna da ake kira ma'idatur rahman, kowa ya zo ya sha ruwa kyauta, kuma a harabar Masallacin Azhar ana yi wa dubban ɗalibai baƙi buɗa-baki kullum. Kada ka ji nauyin zama. Don irinka aka yi, kuma ba yau aka fara ba: tun ƙarnoni da suka wuce masallacin nan yana da ɓangarori na ɗaliban kowace ƙasa da ake ciyar da su daga waƙafi, har da na mutanen Barno.

Duk wannan na kwanakin farko ne. Ɗalibin da ya mayar da gidan abinci ɗakin girkinsa, ko da kushari ne kullum, ba zai kai ƙarshen wata da kuɗinsa ba. Da zarar ka sami ɗaki, ku haɗa kuɗi da abokan zamanka ku riƙa girki bi da bi. Kayan miya a kasuwannin unguwa ba su da tsada, kuma shinkafar Masar gajeriya ce mai danƙo, kamar don tuwon shinkafa aka halicce ta. Abin da ba za ka samu cikin sauƙi ba shi ne kuka da daddawa, manja kuma in an samu da tsada. Ka rage kayan sawa ka bar musu wuri a jaka, a ƙulle su da kyau a leda biyu saboda warin daddawa.

Ka turo mini ranar tasowarka da lokacin saukar jirgi. In Allah ya yarda zan zo filin jirgi in ɗauke ka, washegari bayan asuba mu zagaya bayan masallaci in nuna maka mai ful ɗin da nake ci a wurinsa. Ka gaishe mini da su Baba, ka ce su sa mu a addu'a.