Yaya ake haɗa sirdin fata na hannu?

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara koyon hawan doki ba, yanzu ina shirin mallakar sirdi nawa na kaina. Mai koya mini ya ce in daure in nemi na hannu. Don Allah yaya ake haɗa shi tun daga farko, kuma me ya raba shi da na inji, tunda a ido duk fata ce?

Amsa: Ɗan'uwa, mai koya maka ya ba ka shawara mai kyau. Sai dai fatar da idonka ke gani tana zuwa ne daga baya. Aikin yana farawa daga bayan dokin da za a ɗaura wa sirdin.

Ƙashin bayan doki ba ya jure a danne shi. Naman da ke gefensa biyu, wanda ya kwanta bisa haƙarƙari, shi ke ɗaukar nauyin mahayi. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma bai kamata nauyin sirdi ya wuce na ƙarshen ba, domin daga nan zuwa ƙugu babu abin da ke tallafe bayan. Shi ya sa gwani kan fara da awo. Yakan ɗauki waya mai lanƙwasuwa ya kwantar da ita a kan tudun da ke tsakanin kafaɗun dokin, ya matsa ta har ta ɗauki siffar wurin, sannan ya ɗora ta a takarda ya zana. Haka zai maimaita a tsakiyar baya da can ƙarshe. Da wannan zane ake zaɓen itacen sirdi.

Itacen nan shi ne ƙashin sirdi, kuma idan bai dace da dokin ba, babu adon da zai gyara shi. A sirdi irin na Ingila, wanda ake tsere da tsallake shinge da shi, ana manna siraran falankan katako ɗaya bisa ɗaya har su yi kauri, a ƙarfafa kwacciyar gaba, wato tudun da ke gaban sirdi, da ƙarfe, a kuma kafa ƙarafan da za a rataya likkafa. Da yawa ana shimfiɗa musu siririn ƙarfe mai ɗan lanƙwasuwa daga gaba zuwa baya don mazaunin ya riƙa bin motsin doki. Na makiyayan Amurka kuwa, mai ƙaho a gaba inda ake naɗe igiyar kama shanu, itace ake sassaƙawa a lulluɓe shi da ɗanyen ƙirgi tun yana jiƙe, a ɗinke. Da ƙirgin ya bushe sai ya tsuke ya ƙame, ya ɗaure itacen tam.

A irin na Ingila, abin da ke biyo baya shi ne ɗaura faffaɗan tsumma mai ƙarfi a jikin itacen, daga gaba zuwa baya da kuma gefe zuwa gefe, a ja shi sosai a kafe da ƙananan ƙusoshi. A kan wannan mahayi yake zaune. Idan an ja da yawa mazaunin zai yi tauri, idan an sassauta zai zurma. A jikin tsumman nan ake ɗinka madaurin da majayi, wato ɗamarar da ke zagaye cikin doki, ke kamawa, don haka ranka yana rataye da wannan ɗinki ko da yake ba za ka taɓa ganinsa ba.

Sai fata. Masu aikin hannu sun fi son wadda aka jeme da ɓawon itace ko 'ya'yansa, kamar ɓawon oak. Irin wannan jima tana cin watanni, ta tsohuwar hanya a cikin rami ma takan haura shekara, alhali jimar sinadari ana gama ta cikin 'yan kwanaki. Amfanin haƙurin shi ne fatar takan karɓi siffa idan an jiƙa ta, ta kuma riƙe siffar bayan ta bushe. Wajen yanka ma akwai ilimi. Fatar da ke kusa da gadon bayan saniya ta fi tauri kuma ba ta miƙewa, daga nan ake fitar da madaurin likkafa da na majayi. Ta wajen ciki sako-sako ce, ana kai ta inda babu ja. Wanda ke son ya ci riba da kowane ɓangare na fata yakan yanko madauri daga fatar wajen ciki, bayan 'yan watanni sai ka ga likkafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Fatar mazauni ana jiƙa ta, a ja ta bisa itacen da aka riga aka yi wa shimfiɗa, a kafe ta a bar ta ta bushe a haka. Sannan a cire, a ɗinka ta da fatun gefe, a mayar.

Ɗinkin shi ne inda na fi son ka lura. Baduku yakan matse fatun biyu a cikin matsen katako da ya riƙe tsakanin gwiwoyinsa, hannayensa biyu su zama a sake. Zare ɗaya ne, an goga masa kakin zuma, da allura a kowane bakinsa. Ya huda rami da basilla, ya shigar da allurar dama ta fito hagu, ta hagu ta bi ramin nan ta fito dama, ya ja duka biyun lokaci guda har zaren ya nutse cikin fata. Rami takwas zuwa goma a inci ɗaya, kowanne a karkace iri ɗaya. Keken ɗinki yana amfani da zare biyu ne da ke sarƙe juna a tsakiyar fata, idan ɗaya ya tsinke ɗinkin yakan fara warwarewa. A na hannu, ko zare ya tsinke a rami ɗaya, ɗaya ɓangaren yana nan riƙe. Kamfanin Hermès na Faransa, wanda ya fara da kayan doki a Paris a 1837, da wannan ɗinki yake haɗa jakunkunansa har yau.

Abin da ke taɓa jikin doki a sirdin Ingila matasai biyu ne dogaye, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, da rami a tsakaninsu. Ana cusa musu gashin tumaki kaɗan-kaɗan da dogon ƙarfe ta wasu ƙananan tsagu, ana yi ana shafawa da tafin hannu ana neman ƙulli ko rami. Gashin yakan kwanta da amfani, kuma doki yakan yi ƙiba ko ya rame, don haka akan mayar da sirdin a ƙara ko a rage. Matashin soso na roba ba ya gyaruwa haka. Na Amurka ba a cusa masa komai, fatar tunkiya da gashinta ake manna masa a ƙasa. Shi ne kuma ake yi wa zanen furanni, a jiƙa fatar, a tsaga zanen da ƙaramar wuƙa, a daddanna da ƙarafa masu siffa iri-iri.

Kada ka guji sirdi don ka ga ɗinkin keke a wani ɓangare nasa. Gwanaye da yawa suna amfani da keke a inda babu ja, kuma ban ga laifin haka ba. Abin da za ka tambaya shi ne da wane itace aka yi shi, daga ina aka yanko madauri, da me aka cusa a matasan.

Kafin ka biya, ɗora shi a bayan dokinka ba tare da shimfiɗa ba. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗa, kuma tazarar ta kasance ko bayan ka hau. Ka zura hannu ƙarƙashin matasan daga gaba zuwa baya ka ji ko sun kwanta daidai. Ka hau ka yi sukuwa har doki ya yi gumi, ka sauke sirdin ka duba. Idan ka ga busasshen wuri a tsakiyar gumi, nan ne sirdin ke dannewa fiye da kima, kuma idan aka ci gaba a haka gashin wurin zai koma fari ko ya zama gyambo. Irin wannan sai a mayar wa mai shi ya gyara kafin a sake ɗaura shi.